Ɗakin Marigayi: Hidimar Fasto Ranar da Aka Buɗe Ƙofa

Karatu: Farawa 9:20-27, Luka 12:13-21, Ayyukan Manzanni 9:36-42

A makarantar nan muna koyar da tsarin jana'iza, da wa'azin bakin kabari, da yadda ake ta'aziyya. Abin da ba mu cika taɓawa ba shi ne abin da yake biyo baya, sa'ad da baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi, iyali suka tsaya a ƙofar ɗakin marigayi da mabuɗi a hannu. A yawancin gidaje wannan aikin yini ɗaya ne. Amma akwai gidan da za a buɗe ƙofa a tarar babu wurin sa ƙafa. Wannan darasi a kan irin wannan gida ne.

Abin da ya faru a wata ikilisiya

Wani ɗalibinmu da yake hidima a wata ƙaramar ikilisiya a yankin Furana ya kawo mana wannan labari. Wani dattijo manomin masara da rake ya rasu. Yana cikin masu bi na farko a zuriyarsu, ba ya fashin sujada, ba a kuwa taɓa jinsa da faɗa ba. Abu ɗaya ne iyalinsa suka sani ba su faɗa a waje: shekara da shekaru ba ya barin kowa ya shiga ɗakinsa. Shi kansa a zaure yake kwana.

Bayan kwana bakwai, 'ya'yansa da suka zo daga Kaduna da Kano suna so su koma bakin aiki, sai suka ɓalle kwaɗon. Suka tarar da buhunan taki wofi ɗaure-ɗaure har kusa da rufi, da galan-galan na maganin feshi, da karyayyun fatanyu, da tayoyin keke, da matattun rediyo, da ledoji cike da ledoji, da masarar shekarun baya da ƙwari suka mai da ita gari. Kashin ɓera ko'ina. Kunya ta kama su. Suka kira samari, aka kwashe kayan zuwa bayan gida, aka cinna wuta kafin maƙwabta su taru.

Da yamma mahaifiyarsu ta dawo daga gidan ƙanwarta, ta ga toka. Ta ce takardar jinginar fadamar da suke noman rake tana cikin wani gwangwanin madara a ɗakin. Ban da wannan, wani yaro ya tsinci laya a cikin tarkacen, kafin gari ya waye magana ta zaga cewa ashe dattijon bai bar tsafi ba. Masu fadamar suka ce ba su san da wata jingina ba. Gwauruwar ta daina zuwa sujada.

Ɗalibin ya tambaye mu, ya ce, “Malam, ina gidan ranar, na ga hayaƙin da idona. Me ya kamata in yi?” Amsarmu a taƙaice ita ce: da ya roƙe su su dakata. Sauran darasin nan bayani ne na dalilin dakatawar, da abin da ake yi a cikinta.

Tanadi dabam, larura dabam

Sai mu yi hankali tun daga farko, gama mu mutanen ajiya ne. Manomin Ikara ko Makarfi ko Kudan da bai iya ajiya ba, ba zai kai damina ba. Ana ajiye iri, ana cika rumbu, ana adana buhu don kaka mai zuwa, tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 suna da dalilinsu idan suka ƙi zubar da ko tsabar hatsi. Jeren kwanuka a ɗakin uwargida kuma dukiyarta ce, tana sane da kowane ɗaya. Littafi Mai Tsarki ma ya yabi tanadi. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar ya ceci al'umma (Farawa 41), Ubangijinmu kuma ya sa aka tattara gutsattsarin gurasa bayan ya ciyar da taron (Yahaya 6:12).

Larurar tara tarkace wani abu ne dabam. Likitocin ƙwaƙwalwa suna gane ta da waɗannan alamu. Mutum ba ya iya rabuwa da kaya, ko masu amfani ne ko marasa amfani. Idan aka matsa masa ya zubar, sai hankalinsa ya tashi ƙwarai, wani har ya yi kuka ko ya yi faɗa. Kayan sukan taru har su cinye wurin zama, gado ya daina kwantuwa, ɗaki ya daina shiguwa. Daga nan abin ya shafi lafiyarsa, ko zamansa da iyali, ko ya jawo hatsarin gobara.

Ga gwaji mai sauƙi da za mu iya yi. Mai tanadi ya san abin da ya ajiye, ya san inda yake, yana kuwa ɗauka ya yi amfani da shi ko ya ba maƙwabci. Mai wannan larura yana ajiya domin wata rana da ba ta zuwa. Abin yakan ruɓe a hannunsa, duk da haka ba ya iya sakinsa.

Abin da likitoci suka gano

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware wannan larura a matsayin ciwo mai zaman kansa a shekarar 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a sabon kundinta na cututtuka, wanda ya soma aiki a 2022. Binciken da aka yi a Amurka da Turai ya nuna tana taɓa tsakanin mutum 2 zuwa 6 cikin 100. Takan fara tun mutum yana saurayi ko budurwa, ta riƙa ƙaruwa a hankali, sai ta fi bayyana a tsufa. Takan bi dangi. Kimanin rabin masu ita suna fama da ciwon baƙin ciki mai nauyi. Sau da yawa kuma takan tsananta bayan wata babbar hasara, kamar mutuwar ɗa ko mata.

Idan ka tambayi mai larurar dalilin ajiye abu, amsarsa ba ta hauka ba ce. Zai ce zai yi amfani wata rana, ko zubarwa ɓarna ce, ko wannan abu yana tuna masa da wane. Dukanmu muna da irin wannan tunani game da abu ɗaya ko biyu. Shi kuwa yana jin haka game da kusan kome, yanke shawara tana yi masa wuya, don haka yakan bar abin “tukuna.” Tukuna ɗin ce take cika ɗaki.

Labarin da ya fi shahara ya faru a birnin Niyu Yok a 1947. Wasu 'yan'uwa biyu, Homa Koliya da ƙanensa Langili, 'ya'yan likita ne, masu ilimi. Homa ya makance, Langili ne yake ciyar da shi. Sun cika gidansu da jaridu da tarkace har sai ta ramuka ake rarrafawa a ciki. Wata rana tarin kayan ya rufto wa Langili ya mutu, Homa kuma ya mutu da yunwa kusa da shi. Hukuma ta kwashe kaya fiye da tan 100 daga gidan. Mun kawo wannan don mu ga cewa larurar ba ta talauci ba ce, ba ta jahilci ba ce, tana kuma iya kisa.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai hidima ya sani. Idan dattijo bai taɓa yin haka ba, sai ya soma tara shara a tsufa tare da mantuwa da sākewar hali, mai yiwuwa gigin tsufa ne ko wani ciwon ƙwaƙwalwa. Wannan yana bukatar ganin likita da wuri.

Zunubi ne?

Wannan tambaya za ta zo mana, ko a zaure ko a taron dattawa. Wani zai buɗe Luka 12 ya ce ga mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa don ya gina manya. Wani zai tuna da waɗanda suka ajiye manna har ta yi tsutsa (Fitowa 16:20). Amma mu duba da kyau. Mai arzikin cikin misalin yana murna da dukiyarsa, yana shirin hutawa da ci da sha, bai tuna da Allah ko maƙwabci ba. Dattijon da muka ba da labarinsa bai ji daɗin kome a ɗakin nan ba. Ya bar gadonsa ya koma zaure. Ya ɓoye abin saboda kunya. Wannan ya fi kama da mutumin da aka ɗaure fiye da mai haɗama.

Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne laifin wane ne. Yesu bai bi su ta wannan hanya ba (Yahaya 9:1-3). Mu ma kada mu yi gaggawar sa wa ciwo sunan zunubi, ko maita, ko aljanu. Ba muna cewa mai larura ba ya zunubi ba ne. Idan ya hana matarsa wurin kwana, ko ya bar hatsi ya ruɓe yara suna jin yunwa, ya cuci iyalinsa, dole kuwa mu yarda da wannan sa'ad da suke kuka a gabanmu. Sau da yawa 'ya'yan irin wannan gida suna ɗauke da fushi da kunya tun ƙuruciya, ranar buɗe ɗaki sai abin ya fashe. Mu saurare su. Amma hukuncin ran marigayi ba a hannunmu yake ba, ba kuma ƙurar ɗakinsa ce za ta yanke shi ba.

Nassin da muke so mai hidima ya riƙe a ranar nan shi ne Farawa 9. Nuhu yana kwance tsirara a alfarwarsa. Ham ya gani ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya, suka rufe mahaifinsu. Ɗakin da ya cika da tarkace tsiraicin mai shi ne. Aikinmu rufin asiri ne.

Kafin a buɗe ƙofa

Abu na fari, a nemi lokaci. Babu dokar Allah ko ta mutum da ta ce sai an share ɗakin marigayi a makon jana'iza. Abin da yake tura iyali gaggawa shi ne hutun aiki da ya ƙare da kuma kunya. Fasto zai iya cewa wa babban ɗa, “Ɗana, ɗakin nan ya yi shekaru a haka, wata ɗaya ba zai ƙara masa kome ba. A sa sabon kwaɗo, a ba Mama mabuɗi, mu sa rana.” A shari'ar Musa ma, idan an ga alamar ruɓa a bangon gida, firist yakan sa a fitar da kaya tukuna don kada su ƙazantu, ya duba, ya rufe gidan kwana bakwai kafin ya yanke magana (Littafin Firistoci 14:36-38). Ba a fara da rushewa ba.

Na biyu, a zauna da masu hakki duka: gwauruwa, ko matan marigayi idan fiye da ɗaya ne, 'ya'ya maza da mata, da ƙanen marigayi ko wansa. A yankinmu gida ɗaya yakan haɗa Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni. Kada a buɗe ɗaki a bayan idon wani ɓangare don addininsa dabam ne. Wanda ba ya nan ranar shi ne zai ce an ɓoye kuɗi.

Na uku, a tambayi gwauruwa abin da ta sani. Ita ce mai ɗaki, ita ta san inda yake yoyo. A labarinmu minti biyar na tambaya da sun ceci fadama.

Na huɗu, a rage masu shiga. Mutum huɗu ko biyar masu riƙon asiri sun isa: biyu daga iyali, dattijon ikilisiya ɗaya, mace ɗaya daga zumuntar mata da za ta zauna kusa da gwauruwar. Ban da yara, ban da mai juna biyu, ban da mai asma. A roƙi kowa kada ya ɗauki hoto da waya. Hoton da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa.

Kiyaye lafiyar masu aiki

Ɗakin da aka rufe shekaru da hatsi a ciki gidan ɓeraye ne. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa na Jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera, ya fi kuwa yawa da rani, lokacin da aka fi samun sukunin irin wannan aiki. Saboda haka a buɗe ƙofa da taga, a bar iska ta shiga akalla rabin awa. Kowa ya sa takunkumi, da safar hannu, da rufaffen takalmi. Kada a yi shara a bushe, gama ƙurar ce ake shaƙa. A haɗa Hypo ko Jik kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a yayyafa a kan kashin ɓera, a jira minti biyar kafin a kwashe. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin mako uku bayan aikin ya je asibiti, ya kuma faɗa wa ma'aikatan lafiya irin aikin da ya yi.

A ɗaga buhu da sanda kafin a sa hannu, saboda maciji da kunama. A fara kwashe kaya daga sama, kada a zaro daga ƙasa tarin ya rufto.

Ɗakin manomi ba ya rasa guba: maganin ciyawa, maganin ƙwari, fiya-fiya, shinkafar ɓera, da ƙwayar da ake sa wa hatsi a buhu. Ita wannan ƙwaya idan ta jiƙe tana fitar da iska mai kisa, don haka a duba a fitar da ita kafin a yayyafa ruwa. Galan ɗin maganin feshi ba a ƙona shi, ba a kuma ba kowa ya zuba ruwa ko mai ko kunu. A huda shi, a nemi shawarar malamin gona ko duba-gari a kan inda za a kai shi. Masara ko gyaɗa da ta yi funfuna tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta. Ba ta mutum ba ce, ba ta kaji ko awaki ba ce. Ragowar magungunan asibiti na marigayi kuma kada a raba wa kowa.

Yadda ake rarrabe kaya

A shimfiɗa tabarmi huɗu a tsakar gida, a rufe ƙofar zaure.

Tabarma ta fari ta takardu da kuɗi ce: takardar gona, shaidar saye ko jingina, takardar aure, katin baftisma, takardun fansho, katin banki, layin waya, littafin bashi ko na adashe, da wasiyya in akwai. Doka ɗaya ce a nan: ba a zubar da kome sai an buɗe shi. Kowane gwangwani, kowace leda, kowane aljihu, cikin matashi da katifa, tsakanin shafofin littafi. Mai wannan larura yakan sa abu mafi daraja a cikin abu mafi banza. Idan an sami kuɗi, a ƙidaya nan take a gaban kowa, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. Manzo Bulus ma bai ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Fasto kada ya kai kuɗin gidansa. Za a iya tarar da tsofaffin sulalla da kwabbai na kafin naira ta zo a 1973. Waɗannan na tarihi ne, a ba jikoki su gani.

Tabarma ta biyu ta amana ce: abin da ba na marigayi ba. Garmar aro, buhun wani da aka ba shi ajiya, littafin baiko ko kuɗin ikilisiya idan ya taɓa riƙe ma'aji. A mayar wa masu shi.

Tabarma ta uku ta abin tunawa da abin amfani ce. Sa'ad da Dokas ta rasu a Yafa, gwauraye suka tsaya kusa da Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Bitrus bai tsauta musu ba. Riga tana iya riƙe wa mutum tunanin wanda ya tafi. A bar gwauruwa ta fara zaɓa, sa'an nan 'ya'ya. Idan aka sami Littafi Mai Tsarki tsohon juyi na 1932, ko wasiƙun masu bishara na dā, ko hotunan baftisma, a adana su da kyau, gama tarihin bangaskiya ne a ƙasarmu, irinsu kuwa ba su da yawa.

Tabarma ta huɗu ta abin fitarwa ce. Ƙarafa a sayar wa 'yan gwangwan, a rubuta kuɗin. Sauran shara a fitar a hankali. Wuta ita ce ta ƙarshe, bayan kowa ya yarda.

Idan gwauruwa ta riƙe wani tsumma ta ce a bari, a bari. Idan ta gaji, a tsaya, a dawo gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan an tarar da laya

Masu bi da yawa a ƙauyukanmu sun fito daga gidajen Maguzawa, wasu daga gidajen Musulmi. Ba abin mamaki ba ne a sami laya, ko guru, ko ƙaho, ko ƙullin magani a ƙarƙashin tarkacen shekara arba'in. Mu yi tunani: mutumin da bai iya zubar da ledar burodi ba, yaya zai zubar da abin da kakarsa ta ɗaura masa yana jariri? Samun laya a irin wannan ɗaki ba ya nuna yana dogara gare ta. Mai yiwuwa ya manta tana nan.

Abin yi shi ne fasto ya karɓa cikin natsuwa, ba tsoro, ba kururuwa. Ya kira na kusa kaɗai, a yi addu'a, a kawar da abin. Yakubu ya karɓi gumakan gidansa ya binne su a gindin itace kusa da Shekem (Farawa 35:4), ba mu kuwa karanta cewa ya tara gari ba. Wasu za su kawo Ayyukan Manzanni 19:19, inda aka ƙone littattafan sihiri a Afisa a gaban jama'a. Amma can masu abin ne da kansu, suna da rai, suka kawo don shaidar tubarsu. Mamaci ba ya iya ba da bayani. Idan kuwa rubutu ne na ayoyin Alƙur'ani, kuma akwai dangi Musulmi, a miƙa musu cikin mutunci. Ƙona shi a fili zai iya tayar da fitinar da ta fi ƙarfin gida ɗaya. Kuma kada abin ya fito a wa'azin Lahadi, ko da ba a ambaci suna ba. A ƙauye kowa zai gane.

Fasto ba mai rabon gado ba ne

A Luka 12:13-14 wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalinsu. Wannan ya nuna mana iyakarmu. Share ɗaki dabam, rabon gado dabam. Mu shaidu ne, mu tabbata an rubuta abin da aka samu. Maganar gona ta dattawan dangi ce da mai unguwa da dagaci, in ta gagara a je kotu. Kuɗin banki kuma ba a cire shi da katin mamaci. Yawanci banki yakan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake samu ta ofishin rajistar gado na Babbar Kotun Jiha.

Amma ƙin zama alƙali bai ba mu damar yin shiru ba idan ana cutar marar ƙarfi. Ranar share ɗaki ce 'yan'uwan miji sukan fita da keke da injin ban ruwa da buhunan hatsi da sunan taimako. Yakubu 1:27 ya ɗora mana kula da marayu da gwauraye. 'Ya'ya mata na Zelofehad sun nemi rabon mahaifinsu, Allah kuwa ya ce suna da gaskiya (Littafin Ƙidaya 27:1-7). Zaman fasto a kan kujera a tsakar gida da littafi da biro yakan hana abubuwa da yawa ba tare da ya ce uffan ba.

Waɗanda suke da rai

Bayan irin wannan rana, wani a ikilisiya zai zo a asirce ya ce, “Baba Fasto, ɗakin Innarmu ma haka yake.” Abin da zuciyar 'ya'ya take ba su shi ne su jira ta tafi kasuwa ko biki, su kwashe kome. Masu kula da wannan larura sun daɗe da ganin cewa wannan ba ya warkarwa. Ɗakin yakan sāke cika, mai shi kuwa ya daina yarda da kowa, wani har ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani.

Abin da ya fi shi ne a fara da hatsari, da yardar mai ɗaki. A sami hanya daga gado zuwa ƙofa. A nisanta kaya daga fitila da murhu da maganin sauro mai hayaƙi. A raba guba da abinci. Wanda take jin maganarsa ya riƙa zuwa a kai a kai, su ɗauki kwali ɗaya, ita ce za ta ce wannan ya tafi, wannan ya zauna. Maganin da ya fi taimako a asibiti ma irin wannan ne: tattaunawa da gwani wanda yake koya wa mutum yanke shawara da jure zafin rabuwa kaɗan-kaɗan, tare da maganin baƙin ciki in akwai shi. Ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Mutanenmu suna jin tsoron sunan waɗannan wurare. Idan fasto ya ce zai raka su, tsoron yakan ragu. Addu'a da zuwa asibiti ba sa gāba da juna.

Akwai kuma abin da za mu koya wa dukan ikilisiya, masu larura da marasa ita. Annabi Ishaya ya faɗa wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa (2 Sarakuna 20:1). Kowane magidanci ya tara takardunsa a akwati ɗaya, ya nuna wa matarsa da ɗa ɗaya inda yake. Ya rubuta wanda yake binsa da wanda yake bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu masu hidima mu fara da namu ɗakunan, gama yawancinmu muna da kwalayen tsofaffin takardun taro da ba mu buɗe ba tun canjin wurin aiki na baya.

Ɗalibin nan ya koma ikilisiyarsa. Bai iya dawo da takardar da ta ƙone ba. Abin da ya yi shi ne ya nemi dattawa biyu da suka shaida jinginar tun farko, ya kai su gaban mai unguwa. Ya kuma riƙa zuwa gidan gwauruwar tare da matarsa kowane mako. Ranar da ya ce mata, “Mama, Baba ciwo ya yi, ba tsafi ba,” ta yi kuka mai tsawo, ta ce shekara talatin tana ɗauke da wannan magana ita kaɗai.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta yaya za ka bambanta mai tanadi da mai larurar tara tarkace a ikilisiyarka?
2. Babban ɗan marigayi ya ce gobe zai koma aiki, yau za a ƙone kome. Me za ka ce masa?
3. An sami laya a ɗakin dattijon ikilisiya, samari sun riga sun gani. Waɗanne matakai za ka ɗauka?
4. Ina iyakar fasto a maganar gado, yaushe kuma ya zama dole ya yi magana?
5. Idan Ubangiji ya kira ka a daren nan, iyalinka sun san inda takardunka suke?